Tipulidae: Ƙudaje Masu Dogayen Ƙafafu

Tipulidae dangin ƙwari ne masu fukafukai biyu, 'yan uwan ƙuda da sauro. Wanda ya gan su jikin bango da dare kusa da fitila yakan ɗauka ƙaton sauro ne, alhali ba sa cizo, ba sa shan jini. Da yawansu ma ba sa cin komai bayan sun yi fiffike, kwanaki kaɗan suke yi su mutu. Idan aka haɗa su da danginsu na kusa, wato Limoniidae, Pediciidae da Cylindrotomidae, nau'o'in da aka sani sun haura 15,000. Masanin ƙwari ɗan Amurka Charles Paul Alexander (1889–1981) shi kaɗai ya raɗa wa fiye da 10,000 suna.

Babbar alamar gane su tana bisa gadon bayan ƙirji: wani tsagi mai siffar harafin V tsakanin gindin fukafukan. Sai 'yan sanduna biyu masu ƙulli a kai, a bayan fukafukan, waɗanda ke daidaita ƙwaron yayin tashi. Fiffiken sauro yana da ɓawo-ɓawo kuma bakinsa tsinke ne. Na Tipulidae fiffiken sumul yake, bakin kuwa gajeren hanci ne mai laushi. Ƙarshen cikin mace tsini ne, da shi take dasa ƙwai a ƙasa mai laima. Na namiji a kumbure yake.

Raba dangin huɗu sai da gilashin ƙara girma. Ƙahon Tipulidae na asali, wato zare biyun da ke kansu, yakan zama gaɓa 13, gaɓar ƙarshe ta ɗan yatsan bakinsu kuma doguwa ce ainun. Limoniidae na da gaɓa 14 ko 16, kuma sun fi naɗe fukafukai a bayansu idan sun sauka. Pediciidae suna da gajeren gashi a ido. Inda ake yawan kuskure shi ne Trichoceridae, wani dangi dabam masu fitowa da sanyi: kamanninsu ɗaya, amma su suna da ƙananan idanu uku a tsakiyar ka, waɗanda Tipulidae ba su da su.

Launi yana taimakawa wani lokaci. Jinsin Nephrotoma rawaya ne da baƙi mai sheƙi, mazan jinsin Ctenophora kuwa ƙahonsu kamar mataji. Jinsin Chionea ba shi da fiffike sam, kan ƙanƙara yake tafiya. Amma a jinsin Tipula, mai nau'i sama da 2,000, yawanci sai an duba al'aurar namiji kafin a tabbatar da suna.

Ƙafafun suna cirewa da an taɓa su, dabarar kuɓuta daga tsuntsu ce. Shi ya sa masu tarawa kan sa kowanne a ambulan takarda shi kaɗai, don kada ƙafar wani ta gauraya da ta wani. Tsutsar Tipula paludosa, mai taurin fata, tana cin saiwar ciyawa a makiyayun Turai har ta bar fili da tabo-tabo busassu.