Waiwaye: Jar sitikar New Jersey da rigimar fasinjojin sabon direba

Ɗan sanda na tsaye a bakin titi da daddare, mota ta wuce shi fuu, samari huɗu a ciki suna ta shewa. Ta ina zai gane wanda ke riƙe da sitiyari ɗan shekara 17 ne mai lasisin gwaji, wato lasisi mai sharuɗɗa da ake ba sabon direba, ko ɗan 22 ne da doka ba ta da magana a kansa? Fiye da shekara ashirin ke nan wannan tambaya tana cin tuwo a ƙwaryar dokokin da suka ƙayyade fasinjojin da sabon direba zai ɗauka a Amurka.

Tsarin ba matashi lasisi daki-daki ya fara ne a New Zealand a 1987. Lardin Ontario na Kanada ya ɗauka a 1994, Fulorida ta buɗe wa jihohin Amurka hanya a 1996. Da Kalifoniya ta shigo a 1998, sai ta hana sabon direba ɗaukar duk wanda bai kai shekara 20 ba a watanni shida na farko, sai in da babba ɗan 25 ko fiye mai lasisi a cikin motar. A 2006 ta maida wa'adin shekara guda.

Hujjar ba ta ɓuya ba. Binciken da masana daga Jami'ar Johns Hopkins suka jagoranta, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2000, ya nuna cewa direba ɗan shekara 16 in ya ɗauki fasinja ɗaya, yiwuwar ya mutu a hatsari na ƙaruwa da kashi 39 cikin ɗari, in biyu ne kashi 86, in uku ko fiye kashi 182. Duk wanda ya taɓa zama cikin samari a mota ya san dalili: ga hira, ga zuga, ga mai cewa "taka ta mana", ga yaron da ba ya son a ce masa matsoraci.

Sai dai Kalifoniya ta ba da doka da hannun dama ta karɓe da na hagu. A cikin dokar an rubuta cewa ɗan sanda ba zai tsayar da mota don kawai ya duba ko an karya wannan sharaɗi ba. Sai yaro ya yi gudun wuce sa'a ko ya keta jar danja, sannan a leƙa a ƙirga kawuna. Masu goyon bayan haka suna tsoron a mayar da ƙuruciyar fuska dalilin tare mutum, kuma tsoron nasu yana kan hanya. Amma yara ba su daɗe ba suka gane cewa muddin suna tafiya a natse gaban 'yan sanda, babu mai ce musu uffan.

Jihar New Jersey ta kafa nata tsarin a 2001, fasinja ɗaya kacal ta yarje wa sabon direba daga wajen gidansu. Ranar 21 ga Disamba 2006, a gundumar Morris, wata mota ta kauce hanya ta bugi bishiya. Direban ɗan shekara 17 ne mai lasisin gwaji, ɗauke da fasinjoji uku. Ya rasu, haka ma ɗaya daga cikin fasinjojin, Kyleigh D'Alessio, 'yar shekara 16. Dokar da za ta hana ta shiga motar nan tana nan a rubuce, mai ganin an karya ta ne babu. Abin da mahaifiyarta ta riƙe ke nan, ta yi ta safa da marwa gaban 'yan majalisa.

A 2008 babbar lauyar jihar, Anne Milgram, ta toshe wata kafa: ta hana a riƙa sasantawa a kotu ana rage wa masu lasisin gwaji laifin tuƙi. A watan Afrilun 2009 Gwamna Jon Corzine ya sa hannu a dokar da aka raɗa wa sunan Kyleigh, ta fara aiki ranar 1 ga Mayu 2010. Duk mai lasisin koyo ko na gwaji da bai kai 21 ba, sai ya manna wata 'yar jar sitika mai ƙyalli a kusurwar lambar motarsa, gaba da baya. Biyun dala 4 ne, ana ɓamɓarewa in uba ko uwa za su tuƙa, rashin mannawa kuma tarar dala 100. A Ostareliya an daɗe da sabawa da alamar P ta masu lasisin gwaji, mu ma nan mun san jar L ta mai koyo, amma a Amurka New Jersey ce ta farko.

Nan fa ƙura ta tashi. Iyaye da yawa suka ce an yi wa 'ya'yansu mata shaida, an nuna wa mugu motar da zai bi cikin dare, wasu suka ce gara su biya tara. Ban ga laifin uwar da gabanta ya faɗi ba. Sai dai mugu yana ganin fuskar yarinya ta gilashi ko babu sitika, ɗan sanda ne ke buƙatar hujjar da za ta tsaya a kotu. Wani lauya ya kai ƙara yana cewa an tona asirin shekarun direbobi, maganar ta kai Kotun Ƙolin jihar, wadda ta tabbatar da dokar a watan Agustan 2012.

Masu bincike na asibitin yara na Philadelphia, ƙarƙashin Allison Curry, sun bi diddigin alƙaluma. A shekarar farko takardun tarar da aka yanka wa masu lasisin gwaji kan sharuɗɗan nan sun ƙaru da kashi 14 cikin ɗari, hatsarinsu ya ragu da kashi 9. Da suka haɗa shekara biyu, sun ƙiyasta cewa hatsari 3,197 aka kauce wa, alhali yara da dama suna ɓamɓare sitikar da zarar sun sha kwanar layinsu.