Tsayin tumatir: gado da homon

Tsayin tumatir ba taki da ruwa kaɗai ke yanke shi ba. Tun yana iri ƙwayoyin gado suka tsara inda karansa zai tsaya, sinadaran homon kuma, waɗanda shukar ke haɗawa da kanta don sarrafa girmanta, su ne ke zartar da wannan tsari a jikinta.

Tumatir na asali, irin wanda ya fito daga Kudancin Amurka, ba ya daina tsawo. Bayan kowane ganye uku sai ya fitar da tarin fure, sabon toho ya ci gaba da hawa, shi ya sa sai an kafa masa sanda. Amma akwai ƙwayar gado da masana ke kira SP, a kan kuromozom na 6 (kuromozom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), wadda idan ta samu tawaya, ganyen da ke tsakanin furanni sai ya yi ta raguwa har kan karan ya ƙare da fure. Shukar ta tsaya gajera, ta yi dumu-dumu, 'ya'yanta su nuna kusan lokaci guda. Wannan 'yar tawaya ce ta sa aka iya girbin tumatir da inji a Kalifoniya a shekarun 1960, ko da yake sai 1998 masana a Isra'ila suka gano ainihin ƙwayar. Nau'o'in tumatir na Roma VF da UC82B da ake nomawa da rani a Kadawa ta jihar Kano duk wannan jinsi ne, abin da ya sa ba a wahalar ɗaure su.

Nisan da ke tsakanin gaɓa da gaɓa kuwa aikin wani homon ne mai suna jibarelin. An fara gano shi a shinkafar da wata funfuna ke sa ta zanƙalƙale ta faɗi, bayan binciken Eiichi Kurosawa ɗan Japan a 1926. Tumatirin da ba ya iya haɗa wannan homon wada yake zama, ganyensa kore shar, a murɗe. Da an fesa masa jibarelin sai ya miƙe. Akasinsa shi ne nau'in procera, wanda furotin ɗin DELLA mai taka wa girma birki ya lalace masa, don haka yake fitowa dogo siriri.

Wani homon mai suna burasinosteroyid ma yana da hannu. Nau'in tumatir na Micro-Tom, wanda Jami'ar Florida ta fitar a 1989 don ado, ya haɗa ƙarancin wannan homon da tawayar SP. Da ƙyar yake wuce santimita 20, har masu bincike suka mayar da shi abin gwaji tunda ƙaramar tukunya ta ishe shi.