Karayar Ƙashin Wuya da Ƙashin Damtse

Ƙashin wuya shi ne siririn ƙashin da ya miƙa daga saman ƙirji zuwa kafaɗa, ƙashin damtse kuwa shi ne wanda ya taso daga kafaɗa ya tsaya a gwiwar hannu. Dukansu biyu sun fi karyewa ne idan mutum ya faɗi a kan kafaɗa ko ya dogara hannu yayin faɗuwa, sai kuma a haɗarin mota ko babur.

Mai karayar ƙashin wuya yakan zo yana tallafe da gwiwar hannunsa, kafaɗar ta zube ƙasa, wurin ya kumbura. Galibi a tsakiyar ƙashin take aukuwa. Hoton ƙashi ne yake tabbatar da ita, amma likita ba ya tsayawa a kan hoto kaɗai: sai ya taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya sa majinyaci ya motsa yatsu, domin manyan jijiyoyi suna bi ta ƙarƙashin ƙashin. Yawanci rataye hannu da ƙyalle da shan maganin zafi sun wadatar. Yaro yakan warke cikin mako 3 zuwa 6, babba kuwa mako 6 zuwa 12, kuma ƙullutun da ke fitowa a wurin, wanda yakan tayar da hankalin iyaye, sabon ƙashi ne. Ana yin tiyata idan ƙashi ya huda fata, ko ya taɓa jijiya, ko gutsattsarin suka hau juna sosai.

Karayar damtse ta fi bukatar lura, kuma inda ta faɗo shi yake nuna irin haɗarinta. Ta kusa da kafaɗa ta fi samun tsofaffi masu raunin ƙashi. Ta tsakiya wani lokaci tana shafar jijiyar da ta nannaɗe bayan ƙashin, sai a ga wuyan hannu ya langaɓe ya ƙi ɗagowa, ko da yake yawanci yana farfaɗowa cikin watanni, kuma sau da yawa abin tallafi na roba da ake ɗaurawa a damtsen ya isa ɗori. Ta saman gwiwar hannu, wadda ta fi yawa ga yara, ita ce ba a jinkiri da ita, domin ƙashin yana iya danne jijiyar jini. Yatsu masu sanyi da suka koɗe alama ce ta a gaggauta tiyata.

Da zarar likita ya ba da izini akan fara motsa kafaɗa a hankali, don kada ta sandare.