Ɗalibin Isra'ila a jami'ar Jamus: shiga ba biza, amma kwana 90 ne kawai

Ɗan Isra'ila da ya samu gurbin karatu a Berlin ko Munich yana da wata alfarma da yawancin ɗaliban waje ba su da ita. Sashe na 41 na ƙa'idojin aiwatar da dokar zaman baƙi ta Jamus (Aufenthaltsverordnung) ya ba 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Isra'ila da Amurka da Japan da Kanada, damar shiga ba tare da biza ba, ko da doguwar zama ce ta kawo su. Takardar izinin zama sai su nema bayan sun sauka.

A nan mutane ke yin sakaci. Fasfo ne ya shigar da kai, amma wa'adin zamanka kwana 90 ne, kuma a cikin kwanakin nan dole ka miƙa buƙatarka ga ofishin kula da baƙi, wanda Jamusawa ke kira Ausländerbehörde. Kafin nan sai ka samu ɗaki, ka karɓi takardar shaida daga mai gida, ka yi rajistar adireshinka cikin mako biyu da tarewa. A manyan birane neman ɗaki kaɗai na iya cinye rabin wa'adin. Wanda ya miƙa buƙatarsa a kan lokaci, zamansa halal ne har a yanke hukunci, kuma ana ba shi takardar wucin gadi. Sai dai ba shi da izinin aiki kafin takardar zaman ta fito. A ganina, wanda zai dogara da aikin gefe tun daga watan farko gara ya nemi biza tun yana gida.

Izinin karatun yana ƙarƙashin sashe na 16b na ita kanta dokar zaman baƙi, kuma abin da jami'in zai duba shi ne takardar gurbi, inshorar lafiya, da shaidar kuɗi. Daga Satumban 2024 kuɗin ya kai yuro 11,904 a shekara. Yawanci ana zuba su a asusu na kulle, bankin yana sakin yuro 992 kowane wata. Da izini a hannu, ɗalibi zai iya aikin kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara.

Batun inshora ya fi shafar 'yan Isra'ila fiye da wasu. Da yawansu sai sun gama aikin soja na dole suke shiga jami'a, don haka mai zuwa digiri na biyu yakan zo yana dab da shekara 30. Farashin ɗalibai mai sauƙi na inshorar gwamnati kuwa a nan yake ƙarewa. Ya kamata a lissafa wannan tun kafin a sayi tikiti.

Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma jihar Baden-Württemberg tana cajin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba yuro 1,500 a kowane zango tun 2017. Wanda ke da fasfo na biyu na wata ƙasar Tarayyar, kamar jikokin da Jamus ta mayar wa ɗan-ƙasancin da 'yan Nazi suka ƙwace wa kakanninsu, ba ya buƙatar izinin zama, kuma wannan kuɗin bai hau kansa ba.

Bayan kammala karatu, doka ta ba da har wata 18 na neman aiki.