Faɗuwa a gasar rukuni ba ta rufe kakar hokin ƙanƙara

Masu bin hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka daga nesa sukan ɗauka duk ƙungiyar da aka doke a gasar ƙarshen kaka ta rukuninta, shi ke nan, sai baɗi. Ba haka tsarin yake ba.

Gasar ƙasa ta maza ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana ɗaukar ƙungiyoyi 16. Akwai rukunoni shida da jami'o'i ke buga wasannin kaka a cikinsu, irin su ECAC da Hockey East, kuma kowanne zakaran gasarsa ke samun gurbi kai tsaye. Sauran gurabe goma kuwa, ana cike su ne da lissafin sakamakon kaka gaba ɗaya. Ga ƙungiyar da ta yi rauni tun daga Oktoba, kofin rukuni shi ne ƙofa ɗaya tilo. Ga wadda ta tara nasarori, faɗuwa a Maris ciwo ne kawai.

Shekarar 2013 ta isa misali. Yale ta sha kashi a wasan kusa da na ƙarshe na ECAC a hannun Union, ci biyar da nema, Union kuma ta ɗauki kofin. Da ƙyar Yale ta samu shiga gasar ƙasa, tana can ƙasan jeri. Amma a wasan ƙarshe na gasar ƙasa a Pittsburgh ita ce ta lallasa Quinnipiac, wadda ta jagoranci rukunin ECAC duk kakar, da ci huɗu babu ko ɗaya, ta ɗaga kofin ƙasa karo na farko. Union kuwa ko wasannin huɗun ƙarshe ba ta kai ba.