Kafin a Tambayi Yaro Damuwarsa, a Bari Ya Saki Jiki

Malaman ƙananan sakandare da abokan aikina na asibitocin ƙauye a Jigawa, da ku nake. Duk wanda aka taɓa turawa ya zauna da 'yan aji ɗaya zuwa uku don ba su shawara ya san yadda zaman yake ƙarewa. Ka yi sallama, su amsa baki ɗaya. Ka ce akwai mai tambaya, 'yan mata su ja hijabi su rufe baki, maza su kafa wa ƙasa ido. Ka ce kun gane, su ce mun gane. Ka tashi ba wanda ya faɗa maka komai.

Ba taurin kai ba ne. Ɗan shekara 10 zuwa 14 an rene shi a kan kada ya ɗaga murya gaban babba, kuma a aji ya saba kuskuren amsa yana jawo bulala ko ihun 'yan aji. Ga shi abin da muke so ya furta ya fi lissafi nauyi a baki: jinin al'ada na fari, mafarkin balaga, fitsarin jini, abokin da ya fara miƙa masa sholisho ko tiramol, wani babba da ke tare yarinya a hanyar rijiya. Wa zai faɗi wannan ga baƙon da ya shigo da rajista a hammata?

Shi ya sa minti goma na farko na wasa ne. Wasu shugabannin makaranta suna ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa a wajena nan ne rabin aikin. A fitar da yara daga aji, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, su zauna a da'ira, kamar su goma ko sha biyu. Mai ba da shawara ya zauna a ƙasa tare da su. Mata daban da mace, maza daban da namiji. Malamin da ke riƙe da bulalar makaranta, don Allah ya ba da wuri.

Ba sai an nemo wasa daga littafin horo ba. Kacici-kacici ya fi komai yi mini aiki. Da ka ce "Ƙulin ƙulifita", kafin su yi tunani bakinsu ya riga ya ce "Gauta", don tun suna goye suke jin sa. Ka jefa mai sauƙi: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Wata can gefe za ta ce tsintsiya, a hankali, sai ta tarar ta yi magana kuma ba abin da ya same ta. Daga nan ka bar musu fage su ɗaure ka. Idan ka kasa, ka ba da gari kamar kowa: na ba ki Gumel, na ba ki Haɗejia. Yarinyar da ta ga Malama ta kasa an yi dariya an wuce, ta koyi cewa a wannan tabarmar rashin sani ba abin kunya ba ne. Abin da muke nema ke nan.

Karya harshe ma yana yi, irin "turmi ture kura, kura ture turmi" da sauri, don kowa sai ya sarƙe. Ko ka fara karin magana su ƙarasa. 'Yan mata kuwa a ba su tafin gaɗa na minti biyu ya ishe su.

Akwai wasan da nake amfani da shi a matsayin gada zuwa ainihin magana. A ja layi a ƙasa, wannan gefen gaskiya, wancan ji-ta-ji-ta. Ka faɗi zance, kowa ya je inda ya yarda. A fara da na dariya, sannan a kawo: "Fitsarin jini alama ce yaro ya zama namiji." A garuruwan fadama da na noman rani za ka ga maza da yawa sun tsaya a gefen gaskiya, ba tare da wani ya ce shi ne mai ciwon ba. Nan za ka bayyana musu tsargiya ce, tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwan kududdufi da magudanan ban ruwa ta shiga ta fata lokacin wanka, kuma tana da magani. Ga 'yan mata, a gwada zancen da ake yi cewa rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a 2023, yana hana haihuwa. Ƙafa takan faɗi abin da baki ya ƙi faɗa, kuma ka san abin da za ka gyara.

Sai dai wasa yana iya yin ɓarna. Kada a ce kowa ya faɗi abin da ya karya da shi. Akwai wanda ya fito da ruwa kawai a cikinsa. Kada a ce kowa ya faɗi sana'ar babansa. Labarin suna yana da daɗi idan Tanko ne ko Kande ko Azumi, amma Audi da Talle sunansu na ɗauke da rasuwar iyaye, don haka wanda ya so ne kawai zai faɗa. Wasan da za a rufe wa yaro ido ko a taɓa jikinsa, a bar shi. Wanda ya ce ba zai yi ba, a ƙyale shi ya kalla. Sau da yawa shi ne mai nauyin magana, kuma a zama na biyu ko na uku yake buɗe baki.

Bayan wasa a ɗaura amana: abin da aka faɗa a nan ba ya zuwa aji, ba ya zuwa dandali. Amma a gaya musu tun farko, idan wani na cutar da ɗayansu, dole a nemi babban da zai kare shi. Kada a yi alƙawarin da ba za a cika ba.

A ajiye gwangwanin madara mai murfi a tsakiya, a raba wa kowa 'yar takarda, har wanda ba shi da tambaya ya naɗe tasa ya jefa, don kada a gane mai tambaya. A bar su su rubuta da Hausa, da boko ko da ajami. Wanda rubutu ke ba wahala, a faɗa masa ranar da wurin da zai same ka shi kaɗai, inda ake hango ku amma ba a jin ku.

Kafin a fara, a sanar da ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa abin da za a tattauna, a kuma zaɓi ranar da ba ta kasuwar garin ba, in ba haka ba rabin 'yan matan suna wajen talla.