Kwatabak ɗin Alabama: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Jama'a na gaji da maimaita magana ɗaya. Duk Asabar ɗin da ƙungiyar Jami'ar Alabama ta Amurka ta buga wasa sai an sake jeho min tambayoyin nan, wani ma abin da na amsa masa makon jiya shi zai sake kawowa. To ga su nan wuri guda, a karanta da kyau dan Allah.

Wai wace irin ƙwallo ce ma wannan?

Ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu ana sanye da hular kwano. Ba ragbi ba ce. Kuma ta jami'o'i nake magana, ba NFL ba, wato babbar gasar ƙwararru.

Menene aikin kwatabak?

Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, ko ya jefa wa wani, ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata. Wanda ya shiga da ƙwallo ƙarshen fili ya yi tacdawun, maki 6. Iya abin da kake buƙata kenan kafin ka fahimci sauran.

Me ya sa kullum Alabama, babu wasu makarantun ne?

Akwai mana, amma ita nake bi. Kocinsu Bear Bryant ya ci kofin ƙasa sau 6, Nick Saban ma ya ci musu 6 kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, filinsu na Tuscaloosa yana cin mutum wajen 100,000. Mai son labarin wata makarantar ya nemi mai binta.

Bart Starr ba shi ne na ɗaya ba, tunda ya fi kowa kofi?

A'a. Kofunan nan 5 da Green Bay Packers ta NFL ya ci su. A Alabama shekarunsa na ƙarshe rauni da benci ne suka cinye su, shi ya sa sai a zagaye na 17 na zaɓen sababbin 'yan wasan NFL aka ɗauke shi a 1956. Ana girmama shi sosai, amma ku daina kwaso abin da mutum ya yi a NFL kuna zubawa a lissafin jami'a.

To me ya sa dattawan can ba sa gajiya da zancen Joe Namath?

Saboda sun gan shi kafin gwiwarsa ta lalace. Yaro ne daga Beaver Falls a jihar Pennsylvania, ya buga daga 1962 zuwa 1964, kuma Bryant da ba ya yabon mutum da arha ya ce bai taɓa horar da ɗan wasa kamarsa ba. Duk da haka a ƙarshen kakar 1963 da ya karya dokar ƙungiya Bryant ya dakatar da shi, aka je Sugar Bowl, ɗaya daga wasannin bowl da ake rufe kaka da su, babu shi. Ya dawo a 1964, ya ji ciwo a gwiwa, ya ci gaba da ɗingishi har suka zama zakarun ƙasa. A Orange Bowl da Teksas ya taso daga benci ya kusa juya wasan, aka tare shi a bakin layi, alƙalai suka ce bai shiga ba, aka tashi 21 da 17, har yau akwai tsofaffin da za su rantse maka ya shiga. Daga baya ya yi alkawarin New York Jets za su ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, a 1969 kuma suka ci, amma wannan na NFL ne, na riga na faɗa muku.

Ken Stabler fa, shi ne wanda ake wa laƙabi da Snake?

Shi ne. Bahago, ɗan garin Foley, ɗan jiharsu na cikin gida. A 1966 ya ja su suka ci wasa 11 babu faɗuwa ko ɗaya amma masu ƙuri'ar da ke zaɓen zakaran ƙasa a lokacin suka ajiye su na uku a bayan Notre Dame da Michigan State, abin da mutanen Alabama ba su yafe ba har gobe. A 1967 kuma cikin ruwan sama da taɓo ya yi gudun yadi 47 suka doke Auburn, babbar abokiyar hamayyarsu a jihar, 7 da 3. In ka san ƙiyayyar da ke tsakanin Alabama da Auburn ka san dalilin da gudu ɗaya zai sa a riƙe mutum shekara hamsin. Ya rasu a 2015.

Na fara kallo kwanan nan, in aka tambaye ni waye kwatabak ɗina da wane ma'auni zan zaɓa?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ka kwantar da hankalinka, ba jarabawa ba ce. Amma akwai ramuka da sababbin masu kallo suke faɗawa, bari in nuna maka su.

Na farko kar ka ɗauki alƙaluma tsirara. Bryce Young ya jefa yadi 4,872 da tacdawun 47 a kakar 2021 kaɗai, Namath kuwa in ka haɗa shekarunsa uku bai kai yadi 3,000 ba, mai gaggawa sai ya ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A zamanin Namath wasa 10 ake yi a kaka sai na bowl guda, Young ya buga 15. Ɗan shekarar farko ba a barinsa ya buga wa babbar ƙungiya sai daga 1972. Koci-koci na lokacin gudu da ƙwallo suka yarda da shi, jifa sai ta kama dole, shi Bryant ma a 1971 ya koma tsarin wishbone wanda kusan duk gudu ne. Sannan dokokin yanzu suna kare kwatabak da masu cafe ƙwallo fiye da da nesa ba kusa ba. Saboda haka in za ka auna, auna mutum da tsararrakinsa.

Amma kuma kar ka wuce gona da iri ka ce na da sun fi komai, don akwai abin da ba a son faɗa. Namath da Stabler sun buga ne a ƙungiyar da babu baƙar fata ko ɗaya, a 1963 ma gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofa a wannan jami'ar don hana ɗalibai baƙaƙe shiga, sai a 1971 baƙar fata na farko, John Mitchell, ya buga wa ƙungiyar. Wannan ba laifin 'yan wasan ba ne, amma gaskiya ce cewa an rufe wa ƙwararru da yawa ƙofa a lokacin, dole ka sa shi a sikeli.

To sai ka ce bari in ƙirga kofi kawai. Nan ma da gyara. AJ McCarron ya ci 2 a jere, 2011 da 2012, ya doke LSU 21 da 0 sannan Notre Dame 42 da 14, ya ci wasa 36 ya faɗi 4. Jay Barker ya ci na 1992, ya ci 35 ya faɗi 2 da canjaras 1. Greg McElroy ya ci na 2009, Jake Coker na 2015. Duk mutanen kirki ne a fili, amma wanda ya kalli wasannin zai gaya maka masu tsaron baya da masu gudu ne suka ɗauki kaso mafi nauyi a yawancinsu, musamman 1992. Shi kuma Young da ya zama kwatabak na farko a tarihin makarantar da ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, bai ci kofi a matsayin mai farawa ba, Jami'ar Jojiya ta doke su 33 da 18 a wasan ƙarshe. Za ka ce Coker ya fi Young? Ni dai ba zan iya ba. Wataƙila McCarron ne kaɗai zan ce ana rage masa haƙƙinsa, don wasan LSU ɗin nan da hannunsa ya buɗe shi, amma ko nan akwai masu ja da ni kuma suna da hujja.

Abin da nake ba da shawara, kuma shawara ce ba doka ba, ka raba tambaya biyu. Wanda ya fi iyawa daban, wanda ka fi so daban. Ta farko kana buƙatar kallon cikakkun wasanni, ba guntayen bidiyo na minti biyu da aka tsince masu kyau zalla ba, da yawa suna nan a YouTube. Ka nemi wasan da ake cin su, ka ga yadda mutum yake in an kayar da shi sau uku a jere. Misali wasan Auburn na 2021, Young ya sha duka tun daga farko har kusan ƙarshe, saura ƙasa da minti biyu ya ja su yadi 97 suka rama, suka ci 24 da 22 bayan ƙarin lokaci huɗu. Ta biyu kuwa babu mai yi maka ita, sau da yawa wanda ka fara kallo da shi ne zai zauna maka a rai, kuma babu aibu a ciki, in dai ba za ka zagi na wasu ba.

Mac Jones sa'a ce kawai ya taka ko?

Haba dai. A kakar 2020 yadi 4,500, tacdawun 41, sau 4 kacal aka tare masa jifa, wasa 13 babu faɗuwa, ya doke Ohio State 52 da 24. Eh yana da gwanin cafe ƙwallo DeVonta Smith, amma ƙwallon ba da kanta take tashi ba.

Kai waye naka?

Jalen Hurts, kuma ba na ɓoyewa. Ɗan Teksas, ya karɓi ƙungiya tun yana shekarar farko a 2016, ya ci wasa 26 ya faɗi 2. Ranar 8 ga Janairun 2018 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa da Jojiya a Atlanta aka tafi hutun rabin lokaci ana cin su 13 da 0, shi kuma yadi 21 kawai ya jefa, Saban ya zaunar da shi ya sa Tua Tagovailoa. Tua ya dawo da su, a ƙarin lokaci aka kayar da shi baya ya zama saura yadi 26 a dama ta biyu, bai ko girgiza ba ya ɗaga ya jefa wa Smith yadi 41, aka tashi 26 da 23. Ku je ku kalli bidiyon, ku bar kallon Tua ku kalli mai lamba 2, yaron da aka cire a gaban duniya shi ne yake tsalle yana rungumar wanda ya karɓe masa wuri.

A kakar 2018 aka kawo sabuwar doka, in ka buga wasa 4 ko ƙasa za ka iya ajiye shekarar ka tafi wata makaranta ba a ƙirga maka ita cikin shekarun wasanka na jami'a ba. Kelly Bryant na Clemson da aka zaunar haka ya yi, kuma ban ga laifinsa ba. Hurts ya zauna. Disamba ta zo, wasan kofin SEC, rukunin jami'o'in da Alabama take ciki, Jojiya ɗin dai, filin dai na Atlanta, Tua ya ji ciwo a idon sawu ana cin su 28 da 21, Hurts ya shigo ya jefa wa Jerry Jeudy suka rama, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya ruga yadi 15 da ƙafarsa, 35 da 28. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wallahi duk lokacin da na sake kallon wannan gudun sai jikina ya yi yarr.

Ai ya gudu Oklahoma, ya za ka ce na Alabama ne?

Kar in sake jin kalmar gudu. Ya kammala digirinsa a Alabama tukuna sannan ya tafi, ya zo na biyu a Heisman na 2019, kuma mutanen Tuscaloosa da kansu ba su daina ƙaunarsa ba. Kai da kake kallo daga waya ne za ka fi su jin zafi?

Kenan Tua bai kai ba?

Wa ya ce? A iya jifa zalla Tua ya fi Hurts na lokacin, shi ya sa aka ba shi wurin, kuma Saban bai yi kuskure ba. Ɗan Hawai ne, asalinsu Samowa, da hagu yake jifa kamar Stabler. Ya zo na biyu a Heisman na 2018, sai ciwon ƙugu a wasan Mississippi State a Nuwamban 2019 ya yanke masa zamansa a makarantar. In shi ne naka riƙe abinka, babu mai hana ka son su biyun ma.

Jalen Milroe zai shiga sahu?

Yana da jifan nan na 2023, dama ta huɗu saura yadi 31, ya sami Isaiah Bond a kusurwa suka doke Auburn 27 da 24. Za a daɗe ana tuna shi. Sahun su Namath kam da sauransa.

Ƙarfe nawa ake wasannin a wajenmu?

Asabar, daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Wasan 3:30 na yamma agogon gabashin Amurka yana kamawa 8:30 na dare a Najeriya da Nijar, in suka mayar da agogonsu baya a Nuwamba ya koma 9:30. Na dare kuwa sai wajen 12 ko 1 ake farawa, ka san yadda za ka yi kar ka makara sallar asuba.